Littafin Sanyin Verkhoyansk: Shaidar da Korarrun Sarki Suka Bar wa Duniya

A can ƙuryar arewa maso gabashin Rasha, a bakin kogin Yana cikin Jamhuriyar Sakha, akwai wani ɗan gari da ake kira Verkhoyansk. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba, gidajensa na katako ne, babu babbar kasuwa balle masana'antar da za ta sa a san da zamansa. Amma duk wanda ya ɗan leƙa ilimin yanayi ya san sunan, domin tun ƙarni na 19 ake auna sanyi a garin ana rubutawa, kuma lambobin da aka samu suna cikin mafi muni da aka taɓa gani a wurin da ɗan Adam ke zaune rani da damina. Abin da ya ja hankalina ga tarihin wannan gari shi ne mutanen da suka riƙe alƙalamin, da kuma yadda aikin da suka yi cikin ƙunci ya zama hujja a wata muhawarar da ko mafarkinta ba su yi ba.

Dakarun Kosak na Rasha ne suka kafa sansani a yankin a 1638. Ba noma ya kai su ba, ba kuma kiwo ba. Haraji suka je karɓa, kuma harajin fatun dabbobin dawa ne masu laushin gashi, waɗanda fadar Sarkin Rasha ke sayarwa da tsada a Turai. 'Yan ƙasa, wato kabilar Sakha da maƙwabtansu, su ke farauto dabbobin su kawo. A 1817 aka ɗaga darajar wurin ya zama gari, amma nisansa da wuyar zamansa suka sa hukuma ta ga wani amfaninsa na daban: duk wanda ya tsone wa sarki ido, aka ga kurkuku ba ta ishe shi ba, sai a tura shi can. Babu buƙatar katanga ko sarƙa. Dajin da sanyin su ne masu gadi.

Dalilin tsananin sanyin ba boyayye ba ne. Garin yana sama da layin da ya zagaye yankin Aktik, saboda haka a cikin Disamba akan yi makonni rana ba ta leƙo ba. Yana nesa da tekunan da ke sassauta sanyi a wasu ƙasashe, kuma duwatsu sun tare shi daga iskar da za ta kawo ɗumi. Sama takan kasance garau babu gajimare, iska busasshiya, don haka ɗan zafin da ƙasa ta riƙe sai ya tsere sama ba tare da wani abu ya mayar da shi ba. Sannan garin yana cikin kwari. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta riƙa gangarowa daga kan tuddai tana taruwa a ƙasa kamar yadda ruwan sama ke taruwa a kududdufi, ta kwanta nan tsawon makonni babu abin da zai motsa ta. Shi ya sa a watan Janairu matsakaicin sanyin garin kan kai wajen digiri 45 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma wanda ya hau dutse zai tarar can sama ya fi ƙasa sauƙi.

Kafin a kawo musu gilashi mai lamba, mutanen Sakha suna da nasu ma'aunin. Sun san matakin da itatuwa ke fara tsagewa da ƙara a cikin daji. Sun san matakin da numfashin mutum ke daskarewa yana fita daga baki, har a ji ɗan sautin zubarsa a kunne. A tatsuniyoyinsu, sanyi wani ƙaton bijimi ne da ke fitowa daga tekun arewa, ƙahonninsa na ƙanƙara. Idan lokaci ya ja sai ƙaho ɗaya ya karye, sanyi ya ɗan sassauta, sannan na biyu ya bi. Wannan ilimi ne na gaske, da shi suka raya dawakansu masu kaurin gashi, da shi suka san ranar tafiya da ranar zama. Abu ɗaya ne ba ya iyawa: ba zai gaya wa jika ko sanyin zamaninsa ya kai na zamanin kakansa ba. Wannan sai lamba.

Ita ma lambar ba ta zo da sauƙi ba. Ma'aunin da Daniel Fahrenheit ya inganta a farkon ƙarni na 18 da zaiba yake aiki, kuma a wancan lokacin masana ba su san zaiba na daskarewa ba. Lokacin da Bajamushe Johann Gmelin ya ratsa Saiberiya a shekarun 1730, ya ga zaibar ma'auninsa ta faɗi ƙasa warwas a garin Yeniseysk, sai ya rubuta wani sanyi mai ban tsoro da ba a taɓa jin irinsa ba. Daga baya aka gane cewa zaibar ce ta sandare ta tsuke. A 1759 Joseph Braun ya daskarar da zaiba da gangan a birnin Santa Fitasbag, sannan a farkon shekarun 1780 Thomas Hutchins, wani ma'aikacin kamfanin fatu a gaɓar Hudson da ke Kanada, ya gano cewa a wajen digiri 39 ƙasa da sifili take daskarewa. Ke nan a wuri irin Verkhoyansk ma'aunin zaiba ba shi da amfani tsawon watanni. Dole aka koma ga na sinadarin barasa, wanda sai an wuce digiri 100 ƙasa da sifili yake sandarewa.

Mutum na farko da ya zauna yana auna sanyin garin a kai a kai ɗan talala ne. Sunansa Ivan Khudyakov, matashi mai tattara tatsuniyoyin Rashawa. A 1866 wani tsohon ɗalibi ya harbi Sarki Alexander na Biyu bai same shi ba, aka bi duk waɗanda ke da alaƙa da ƙungiyarsu aka kama, har da Khudyakov. Aka tura shi Verkhoyansk. A can ya koyi harshen Sakha, ya shiga rubuta labaransu da karin maganarsu. A 1869 wasu masu bincike da suka biyo ta yankin suka bar masa kayan awo, shi kuwa ya riƙe aikin da gaske, har a watan Disambar shekarar ya rubuta digiri 63 da ɗoriya ƙasa da sifili. Kaɗaici da wahala suka ci ƙarfinsa, hankalinsa ya taɓu, ya rasu a asibiti a Irkutsk a 1876 yana da shekara 34. Duk lokacin da na tuna wannan bawan Allah sai tausayi ya kama ni: an raba shi da kowa nasa, an jefa shi inda ake ganin ƙarshen duniya ne, amma bai yarda hannunsa ya zauna banza ba.

Bayansa sai Sergei Kovalik, wanda yana cikin mutum 193 da aka gurfanar a wata shahararriyar shari'ar siyasa a 1877 zuwa 1878. Shi ma Verkhoyansk aka kai shi, kuma a watan Janairun 1885 ya karanta digiri 67.8 ƙasa da sifili. Tun daga wannan shekara tashar auna yanayi ta garin take aiki. A watan Fabrairun 1892 aka sake samun irin wannan lamba, kuma ita ce ta zauna a littattafai fiye da shekara ɗari a matsayin sanyi mafi tsanani da aka auna a arewacin duniya.

Yana da kyau mai karatu ya ga yadda aikin yake a kusa. Cibiyar kula da yanayi ta Rasha, wadda aka kafa a Santa Fitasbag a 1849, ta tsayar da ƙa'ida cewa a duba ma'auni sau uku a rana: bakwai na safe, ɗaya na rana, tara na dare. A Verkhoyansk cikin Disamba duk ukun a duhu ne ko kusa da duhu. Mai awon zai naɗe kansa da fatu, ya ɗauki fitila, ya taka zuwa wani akwati da aka ɗora a kan ƙafafu sama da ƙasa, mai ƙofofin da iska ke ratsawa amma hasken rana ba ya shiga. A ciki akwai ma'auni na musamman da aka kwantar a gicciye. Cikin ruwan barasarsa an sa wani ɗan siririn tsinken gilashi. Idan sanyi ya ƙaru ruwan ya ja baya, sai ya janyo tsinken tare da shi. Idan ɗumi ya dawo ruwan ya miƙe, sai ya bar tsinken a inda ya tsaya. Ta haka ake sanin iyakar inda sanyin dare ya kai, ko da kowa na barci a lokacin. Mai awon zai riƙe numfashinsa yayin da ya sunkuya, domin tururin bakinsa kaɗai ya isa ya motsa lambar. Zai nisanta fitilar. Zai rubuta da fensir, don tawada ta riga ta zama dutse. Sannan ya karkata ma'aunin tsinken ya koma bakin ruwa, ya rufe akwati, ya koma ɗaki kafin yatsunsa su mutu. Gobe ma haka, jibi ma haka. A zamanin Tarayyar Sobiyet aka mayar da awon sau huɗu a rana daga 1936, sannan sau takwas daga 1966.

Garin bai ci sarautar sanyin shi kaɗai ba. Kudu maso gabas da shi, a kwarin kogin Indigirka, akwai Oymyakon, inda aka auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1933. Har yau garuruwan biyu suna jayayya a kan wa ya fi wani, kuma a Oymyakon akan nuna wa baƙi lambar 71.2, wadda ake dangantawa ga masanin duwatsu Sergei Obruchev da ya ziyarci yankin a 1926. Wannan lamba ta ƙiyasi ce, ba a karanta ta a jikin ma'auni ba, don haka masana ba su shigar da ita lissafi. Ina ganin wannan tsantseni shi ne darajar sana'ar gaba ɗaya. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana da kundin lambobin da suka fi kowanne, kuma ba ta jin kunyar soke abin da bai tabbata ba. A 2012 ta soke digiri 58 na zafi da aka ce an auna a Aziziya ta ƙasar Libiya a 1922, bayan bincike ya nuna kuskure a wajen karatu da kayan aiki, alhali lambar ta yi shekara 90 a littattafan makaranta. A 2020 kuma ta tabbatar da wani awo da ya daɗe kwance a ma'ajiya: digiri 69.6 ƙasa da sifili, wanda wata na'ura mai aiki da kanta ta ɗauka a tsakiyar ƙanƙarar Girinlan ranar 22 ga Disambar 1991. Da wannan Verkhoyansk ta rasa kambunta na arewacin duniya. Na duniya baki ɗaya kuwa yana tashar Vostok ta Rashawa a Antaktika, inda aka samu digiri 89.2 ƙasa da sifili ranar 21 ga Yulin 1983.

Ranar 20 ga Yunin 2020 sunan Verkhoyansk ya sake cika jaridu, amma ta wata fuskar. Ma'aunin tashar ya nuna digiri 38 na zafi, irin wanda muka saba ji a Kano ko Maraɗi. Hukumar ta Duniya ta shafe fiye da shekara tana bincike kafin ta tabbatar a watan Disambar 2021 cewa wannan shi ne zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a yankin Aktik. Daga mafi sanyi zuwa mafi zafi a gari ɗaya, tazarar ta kai digiri 105.8. Wata ƙungiyar masana da ke bin diddigin musabbabin irin waɗannan al'amura ta duba watanni shida na farkon 2020 a Saiberiya, inda zafi ya haura yadda aka saba da fiye da digiri 5, ta ce hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa ya ninka yiwuwar faruwar hakan aƙalla sau 600. Ba don dogon littafin da aka faro tun zamanin su Kovalik ba, da babu abin da za a gwada wannan shekara da shi.

To amma me ya sa ake bin sanyi, alhali maganar ɗumama ake yi? Saboda a ɓangaren sanyi ne sauyin ya fi fitowa fili. A daren hunturu mara iska, iskar da ke kusa da ƙasa siririya ce, ba ta cakuɗuwa da ta sama, don haka duk wani ƙarin ɗumi da ya samu a nan yake tsayawa ya yi tasiri. Ga kuma ƙanƙarar teku da ke raguwa, ruwan da ya buɗe yana sakin zafin da ya tara. Wani bincike da masana ƙasar Finlan suka fitar a 2022 ya nuna cewa tun 1979 yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Saboda haka masana ba sa tsayawa kan lamba ɗaya mai ban mamaki. Suna ƙirga yawan ranakun da sanyi ya sauka ƙasa da sifili a shekara. Suna duba dare mafi sanyi na kowace shekara su jera su. Suna lissafa darare nawa ne suka faɗa cikin kashi goma cikin ɗari mafi sanyi na abin da aka saba, da tsawon kwanakin da sanyi mai tsanani ke ɗauka a jere. Da aka haɗa waɗannan daga tashoshi dubbai, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa tun shekarun 1950 tsananin sanyi ya ragu a yawancin ƙasashen duniya, a yawan zuwansa da kuma a ƙarfinsa, kuma yankin Aktik ne ake sa ran ranakunsa mafi sanyi za su fi na ko'ina saurin ɗumama.

Wannan ba ya nufin sanyi ya ƙare. A watan Janairun 2023 wasu sassan Sakha sun sake ganin fiye da digiri 60 ƙasa da sifili, kuma garin Mohe na arewacin ƙasar Sin ya kai 53 ƙasa da sifili, abin da ba a taɓa aunawa a garin ba. Irin wannan ne ke ruɗin mutane. A 2015 wani sanatan Amurka, James Inhofe, ya shiga zauren majalisa da dunƙulen dusar ƙanƙara a hannu don ya nuna cewa maganar ɗumama ba ta da tushe. Mu ma a nan, idan hunturu ya yi ƙarfi, hazo ya rufe gari, kowa ya nemi gawayi, sai ka ji ana tambaya ina ɗumamar da ake ta faɗa. Amsar tana cikin ƙirga. Idan yanayi bai sauya ba, ya kamata sababbin lambobin zafi da sababbin lambobin sanyi su riƙa zuwa kusan daidai wa daida. Haka abin yake a Amurka a shekarun 1950. Amma binciken da Gerald Meehl da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa a shekarun 2000, duk sabuwar lambar sanyi ɗaya ana samun kusan biyu na zafi. Sanyi yana nan yana zuwa, sai dai zuwan nasa ya yi ƙaranci, kuma idan ya zo da wuya ya taka inda na da ya taka. Na 2023 ma, duk da hayaniyar da ya tayar, bai kai abin da aka rubuta a 1885 ba.

Ƙasar da garin ke kai ita ma tana ba da tata shaidar. A Yakutsk, babban birnin yankin, wani ɗan kasuwa mai suna Fyodor Shergin ya fara haƙa rijiya a 1828. Ya yi ta haƙa har 1837, ya kai zurfin mita 116, bai ga ruwa ba, ƙasa daskararriya ce tun daga sama har ƙasa. A shekarun 1840 masani Alexander Middendorff ya mayar da ramin wurin auna sanyin cikin ƙasa, kuma daga nan ilimin daskararriyar ƙasa ya samo tushe. A kan wannan ƙasa aka gina gidaje da hanyoyi, a cikinta ake haƙa rumbun ajiye nama da kifi. Yanzu tana narkewa. A gundumar Verkhoyansk, kusa da garin Batagay, akwai wani wawakeken rami da ya fara buɗewa a shekarun 1960 bayan an sare dajin wurin. Tsawonsa ya kai wajen kilomita ɗaya, kuma kowace bazara gefensa na ƙara zaftarewa. Ga mutumin Sakha, raguwar sanyi ba hutu ba ne. Kogin da ya daskare shi ne titinsa na kai kaya ƙauyuka, ƙasar da ta sandare ita ce harsashin ɗakinsa.

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Tsofaffinmu suna cewa sanyin da ya fi na yanzu, wasu kuma su rantse bana ba a taɓa yin irinsa ba. Kowa da gaskiyarsa gwargwadon abin da jikinsa ya tuna, amma jiki mantuwa gare shi. Abin da zai raba gardama shi ne littafin da ma'aikatan auna yanayi suka cika a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram da Agadas, dare bayan dare, shekara bayan shekara. Hukumar ta Duniya ta sha nanata cewa Afirka ce ke da ƙarancin tashoshin awo fiye da kowace nahiya, kusan kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata. Ita kanta Rasha ta rufe tashoshi da dama a arewacinta bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, kuma duk shekarar da aka tsallake ta tafi ke nan, babu kuɗin da zai sayo ta. Mai noman alkama a Kadawa yana buƙatar sanin ko dararen sanyin da shukarsa ke so suna raguwa, kuma ba zai sani ba sai an auna an adana.

Don haka nake ganin ya kamata mu daraja mai wannan aiki, mu biya shi haƙƙinsa, mu gyara masa kayan awo, mu kuma kwashe tsofaffin littattafan da ke kwance a ɗakunan ajiya mu shigar da su kwamfuta kafin gara ta riga mu. Khudyakov da Kovalik ba su san wa suke rubuta wa ba, amma sun rubuta gaskiyar abin da suka gani, a lokacin da aka ce su duba. Jikokinmu za su yi tambayar yadda hunturun zamaninmu yake, kuma amsar da za su samu ita ce wadda muka ga dama muka rubuta musu yau.